Notis na Wata Uku

A yarjejeniyar da na sa wa hannu
shekara bakwai baya, a Jekadafari,
akwai layin da ban tsaya na karanta ba:
mai tashi ya ba da notis, wata uku, a rubuce.
Wa ke duban ƙofar fita ranar shiga?
Ni dai idona na kan makulli da rasit ɗin haya.

Yau ga takarda, an mai da ni Bajoga.
Na yagi falle daga littafin darasi,
na sa kwanan wata, na soke, na sake.
"Zuwa ga Baffa Jalo." Sai biro ya tsaya.

Ciki da falo zan bari ƙarshen Maris.
Kuɗin wuta na biya, ga shaida a maƙale.
Famfon tsakar gida ni na gyara, na yafe.
Gilashin taga kuwa ƙwallon Sadiƙu ce,
a cire a kuɗin ajiya.

Nan na ƙare, don takarda ba ta da gurbin
zogalen da na dasa bayan kicin,
ko zanen fensir a jikin ƙyaure
inda tsayin yaron ke hawa duk sallah,
ko Maman Rifkatu, mai kwashe mana shanya
in hadari ya taso muna makaranta.
Waɗannan ba sa shiga buhu,
mai a-kori-kura bai san su ba cikin kaya.

Na iske Baffa kan tabarma bayan la'asar,
tabarau ya karye, ya ce in karanta.
Na karanta masa tashina da bakina.
Ya jima yana jan carbi.
"Wanda ka gada," in ji shi, "da dare ya sulale,
ya bar min bashin wuta da kyanwa mai ciki,
makulli a cikin bokiti.
Tun ranar na sa layin nan.
Wata ɗaya in nemi mai shiga,
wata ɗaya na mai fenti,
na ukun kuwa in saba da rashin sallamarka."
Ya sa hannu da ajami a kwafi biyu,
ya riƙe ɗaya, ya miƙo min ɗaya.

Tun daga nan ɗakin ya fara yi min baƙunta.
Jiya ejan ya kawo wani saurayi, tela,
yana auna bango da taƙi, inda gadona yake.
Na ga bai duba rufi ba.
Na nuna masa kwanar da ke yoyo a Agusta,
da yadda ake ɗaga ƙofa kafin ta kullu.
Na ce, zogalen yana son ruwa da safe.
Na ce, karanta layi na tara kafin ka sa hannu.
Ya yi dariya, idonsa na kan makulli.

Saura kwana sittin da ɗaya.