Amon da Ba Ya Sauka

Ɗan ƙanwata Tanimu ya dawo daga Dutse
da 'yar na'ura, ba ta cika tafin hannu ba.
Ya ce, Kawu, yau a fadama zan kwana.
Na ce, sauron Auyo bai san ɗan boko ba.

Aikina gadin injin ban-ruwa.
Shekara goma sha ɗaya yana kuka a gefena,
ina jinsa, ban taɓa sauraronsa ba.

Yaron ya ɗaure na'urar a jikin mesa da tsumma.
Ya kai ta bakin kwalbati, inda ruwa ke gunaguni,
ya kai ta gindin gawo, ƙarƙashin amyar Malam Barau.
Da asuba ya bi wayar lantarki har bakin titi,
ya manna kunne a jikin turke, ya ƙame,
jakuna suka wuce shi da kayan albasa.

Kwana tara bai ce uffan ba.
Na goma ya toshe mini kunnuwa da wasu 'yan ƙwarya.

Babu kalangu. Babu mai waƙa, balle 'yan amshi.
Amo ɗaya ne, doguwar igiya,
guga da aka saki a rijiya gaba dubu
ana ta jira a ji ya taɓa ruwa.
Na ce, yaushe za a fara?
Ya ce, Kawu, ai an yi nisa.

Sai na kama bakina.

Can ƙasa na gane injina, amma an ja shi, an ja shi,
yadda mai kaɗi ke jan auduga a mazari,
har ya bar tari ya koma numfashi.
A bisansa ƙudan zuma, amya guda,
an dama su sun zama murya ɗaya mai kauri.
Wani siririn abu ya ratso,
bai yi gaba ba, bai koma ba,
yana rawa a wuri ɗaya kamar kawalwalniya a kan fako.
Gashin hannuna ya miƙe.
Haƙorin nan nawa mai ciwo ya amsa.

Ban san inda Ladidi ta shigo ba.
Ba a ɗauki muryarta ba, shekara shida ke nan tana ƙasa.
Amma haka take yi in tana niƙa a dutse,
baki rufe, amo ta hanci,
waƙar da ba ta da kalma ko ɗaya,
ni kuwa ina zaure ina gyaran fartanya
ina tsammani ba na ji.

Na cire abin. Na ce hayaƙin inji ne ya shiga idona.
Injin kuwa a kashe yake.

A teburin Mati mai shayi an yi dariya har da buga cinya.
Wani ya ce rediyon yaron ta lalace,
wani ya ce kukan aljanun tsamiya ne, a nemo malami.
Tsoho Ɗanjuma kaɗai bai yi dariya ba,
shi da ya busa algaita har haƙoransa suka zube.
Ya ce, wannan yaro ya sami abin da muke ɓoyewa a kumatu,
iskar da ba a yanke ta.
Sauran duk ado ne.

Tanimu ya koma kafin a yanke alkama.

Daren jiya mai ya ƙare, injin ya yi tari biyu ya mutu.
Jarka na nan kusa da ƙafata.
Ban tashi ba.
Kwaɗi suka ɗauka daga inda ya ajiye,
a ƙarƙashin kwaɗi ruwa yana shiga ƙasa,
a ƙarƙashin ruwa akwai wani abu kuma
mai faɗi, marar gefe,
ban san ko fadama ce ba, ko jinin kunnena.

Mai gona zai yi faɗa da safe.
Kunya uku ba su sha ba.