Ba Akuya Muke Nema Ba

A Gumel, inda aka binne cibiyata,
babu abin da ya fi tankin ruwa tsawo.
In ka hangi mutum a kan tudu,
akuyarsa ce ta ɓata.

Yau ga ni a Kinlochleven, shekara sittin ba biyu,
cikin takalmi mai nauyin turmi,
ina bin bayan Suwaiba.
Taswira na hannunta, gora na bayanta.
Ita ta ɗaure mini igiya a bakin gada,
ta ja, ta sake ja,
yadda na yi mata ranar fara makaranta a Glasgow,
tana kuka, ina ba ta haƙuri.

Na ce, me za mu ɗauko a can sama?
Ta ce, ba komai, Baba.
Na ce, wa ke jiran mu?
Ta gyara jaka ta yi gaba.

Hanyar siririya ce, ta tumaki,
tumakin da aka shafa wa shuɗi a gadon baya,
suna kallo na kamar na zo karɓar jangali.
Ruwa ko'ina:
daga dutse, daga ciyawa, daga ƙarƙashin sawuna,
ba jarka, ba layi, ba mai faɗa.
Na tuna Inna da gugarta,
gaba ashirin kafin a ji tsulum.
Na tsuguna na yi alwala don kada ya wuce a banza.
Sanyin ya shiga haƙorana ya yi zamansa.

Wasu ƙwari da ba su kai ƙwayar gero ba
sun kira taro a kunnena.
Sauron Haɗeja ya fi su ladabi,
yakan yi sallama kafin ya ci.

Sau uku ina ganin ƙarshe,
sau uku dutsen na fito da wani kai daga bayan kansa.
Hangen Dala ke nan.
Ƙirjina na lugude,
gwiwar hagu na karanto mini bashinta:
shekara talatin a kujerar bas,
daga tasha zuwa tasha, ban taɓa isa ko'ina ba.

Wata tsohuwa ta cim mana, sanda biyu, kare a gaba.
Morag, in ji ta, saba'in da shida.
Ta miƙo mini alewar na'ana'a,
ta ce in daina kallon sama,
in kalli inda ƙafa za ta sauka.
Kafin alewar ta narke ta zama ɗigo.

Da muka kai, gajimare ya riga mu.
Fari fat. Ko hannuna da ƙyar.
Tarin duwatsu kawai, da iska mai mari.
Na buɗe baki zan yi mita,
sai Suwaiba ta zauna, ta raba dabino biyu-biyu,
ta ce, nan nake zuwa duk Asabar
tun da Mama ta rasu.

Ni da na ɗauka ɗakin karatu take tafiya.
Shekara uku muna cin tuwo a tebur ɗaya,
kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa kwanon da ba a ɗauka ba.

Sai farin ya yage kaɗan.
Can ƙasa tafki ya miƙe kamar wuƙar da aka wasa,
gidaje kamar sukarin da ya zube a tabarma.
Bai kai tsawon Fatiha ba ya rufe.
Ban ce komai ba.
Na ɗauki dutse ɗaya na ɗora a kan tarin,
ta ɗauko wani ta jingina da nawa.

Saukowa ta fi hawa mugunta.
Na dafa kafaɗarta, ban ji kunya ba.
Ƙarfe tara na dare rana ta ƙi faɗuwa,
magariba na ta jan ƙafa kamar ni.

Da daddare Yaya Ɗanjummai ya kira daga Gumel:
to, mai hawan dutse, me ka samo?
Na ce, ciwon gwiwa.
Suwaiba na kicin tana dafa shayi, kofi biyu.
Takalman na bakin ƙofa, jiƙe,
ban mayar da nawa cikin kwali ba.