Littafin Laraba

Ni ce mai riƙe da littafin,
ba don na fi kowa boko ba,
hannuna ne ba ya rawa in ana ƙirga kuɗi.

Mu biyar ne, kowace jinginar 'yar'uwarta:
Lantana mai awara a bakin Dilimi,
Uwani mai gwanjo a Katako,
Kaneng mai noman dankali can bayan Bukur,
Tabawa mai niƙa,
sai ni Balaraba, da injin saƙar da na daɗe ina mafarki.

Ba mu da fili, ba mu da takardar gida.
Babban banki ya dube mu daga silifa zuwa ɗankwali,
ya ce mu dawo da abin da ba mu da shi.
Ƙaramin nan na Titin Bauchi ya ce, ku kawo junanku.
Muka kai.

Dubu tamanin na karɓa.
Na ƙulle a bakin zane, na sake ƙullewa,
har gida ina jin ta kamar garwashi a ƙugu.
An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
nawa dai a daren nan har motsi yake.

Sanyin Jos ya zama abokin cinikina.
Suwaitar 'yan firamare, hular jarirai, safa,
zare na shiga ta nan, kuɗin makaranta na fita ta can.
Ranar da na sayo ƙwai kiret guda
Sagir ya tsaya yana ƙirgawa da yatsa,
ya ce, Umma, baƙi za mu yi?

Amma Laraba ba ta san uzuri ba.
Ranar aka haife ni, ranar nake biya.
Ƙarfe tara yaron banki zai jingine babur,
ya zauna a benci, ya buɗe jaka.
Ba ya zagi. Ba ya kuma mantuwa.
Akwai Larabar da na sayar da riga ƙasa da kuɗin zarenta
don kada sunana ya sha jan biro.

Sai ga Yuli.
Ƙanƙara ta sauka a gonar Kaneng da la'asar,
ruwa ya biyo baya, kwana tara bai tsagaita ba,
dankali ya ruɓe a ƙasa tun bai ga buhu ba.
Ta zo da laka har gwiwa, hannu wofi,
ta ce, ruwa biyu ne suka cinye ni,
na sama ya ɗauke jiya,
na bashi kuwa ba ya ɗaukewa.

Muka yi shiru.
Kada in yi ƙarya, na ji haushi.
Na tuna zaren da zan saro, na tuna hayar ɗaki.
Tabawa ce ta fara kwance bakin zane, ba ta dubi kowa ba.
Lantana ta zube canji mai ƙanshin suya.
Uwani ta ja tsaki, ta sa nata.
Ni ce ta ƙarshe, ni mai littafin.
Sati shida muka goya ta haka.

Da rani ta ja ruwa daga tsohon ramin kuza,
ta aiko wa kowace da kwandon dankali.
Nawa har da kabeji biyu a sama,
kamar ta san wadda ta fi jinkiri.

Masu zuwa da kyamara kan tambaye mu:
to, kun fita daga talauci?
Me zan ce musu?
Talauci bai bar gidana ba.
A da gado ɗaya muke kwana, shi ke janye bargon.
Yanzu ya koma bakin ƙofa, kan tabarma,
yana jiran in kwanta ciwo,
ko zare ya yi tsada,
ko gari ya rikice a hana fita.
Ina ganinsa, yana ganina.

Na rufe littafin, na ja injin kusa da fitila.
Saura hannun riga ɗaya.
Gobe Laraba.