Taku Huɗu Daga Bango

A Valparaíso, kan tudun da gidaje ke hawa kafaɗun juna,
tsoho Eleuterio ya kira ofishinmu har sau uku.
Wai bangon ɗakinsa yana gurnani.
Maigidana ya yi dariya, ya turo mini jakar ma'auni:
"Maritza, je ki ji abin da bango ke cewa."

Matakala ɗari da sittin na hau,
teku a bayana, numfashi a hannuna.
Bayan ɗakin akwai koriyar ƙofar ƙarfe mai zanen walƙiya.
A ciki taransifoma ke zaune, ƙato marar magana,
yana gutsura wutar gari
yana miƙa wa kowane gida lomarsa.

Tsohon ya taɓa 'yar na'urar da ke kunnensa.
"In na murɗa ta nan, sai in ji shi.
Kamar ƙudan zuma da suka rasa amya."
Ban yi musu ba.
Akwai siririn naɗin waya a cikin abin jin nan,
yana cafke abin da kunne mai lafiya ke bari ya wuce.
Kurma ya riga mu jin labari.

Sai dai ba don kunnensa ya kira ba.
Jikin bangon ga gadon jariri:
Nahuel, ɗan wata biyar, hannu a dunƙule,
uwarsa tana can tashar jiragen ruwa tana fere kifi.

Na manna ma'auni a bango. Takwas.
Daga nan zuwa cikin ƙaton, mita ɗaya, in ban yi kuskure ba.
Na juya bayan takardar kuɗin ruwa, na yi lissafi:
ƙarfin maganaɗisun irin wannan akwati rago ne a tafiya,
ka ninka nisa sau biyu,
sai ya zube zuwa kashi ɗaya cikin takwas.
Alƙalami ya ce a mita biyu zan sami ɗaya.
Na ja da baya.
Ma'auni ya ce ɗaya da rabi.

Wannan rabin fa?
Na durƙusa, na bi daɓe da na'ura kamar mai neman allura,
har na gano su: manyan wayoyi kwance ƙarƙashin siminti,
su ma da nasu guntun tsegumin.
Takarda ba ta san inda magina suka bi ba.

Ya dafa shayi, ya ce in jira bakwai na yamma.
Na jira.
Tudu ya fara kunna kansa taga bayan taga,
butoci, murhun lantarki, talabijin na maƙwabta.
Takwas ɗin bango ya zama goma sha uku.
Ashe ba fushin ƙaton ba ne,
yunwar unguwa ce ke ratsa shi.

"Zai cuci yaron?"
Na ce adadin yana ƙasa ƙwarai da iyakar da ke littafinmu.
Ya dube ni, duban wanda ya binne mutane da yawa.
Na ce, abin da lamba ba ta faɗa ba
ba zan ara mata bakina ba.
Amma nisa ba a sayensa da kuɗi.

Muka kama gadon, shi kai, ni ƙafa,
yaron bai ko motsa ba.
Tsohon na tafe da baya, kansa a karkace, yana saurare.
Taku ɗaya. Biyu. Uku.
A na huɗu ya tsaya gindin taga.
"Nan suka yi shiru."
Na duba ma'auni: ya faɗi ƙasa da rabi.

A rahoto na cike gurabe duka:
nisa, lokaci, lambar na'ura.
Gurbin da ya ce "wanda ya auna"
suna ɗaya kawai yake ɗauka.
Na matse rubutuna, na sa biyu.