Ulun Burulkan

Tankar ta faɗi da asuba, a kwanar da ke saman Naryn,
ta kwanta kan haƙarƙari kamar saniyar da ta karye.
Direba Sabyrbek ya fito da ransa, takalmi ɗaya a ƙafa,
ya tsaya yana kallon baƙin mai na gangarawa
ba gaggawa, ba waiwaye,
zuwa marmaron da duk ƙauyenmu ke sha.

Taku saba'in tsakanin mai da ruwa.
Ni na auna, da ƙafata.

Motar hukuma na bayan dutse, wai sai la'asar.
Muka yi masa shinge da ƙasa,
ya tsaya, ya yi shawara, ya bi ta ƙarƙashi.
Aka kawo garin katako daga wurin kafinta,
buhu huɗu, ya lashe kafin mu miƙe.
Aka kawo ciyawar da muka ɓoye wa dawakai,
ta sha kaɗan, ta ƙoshi, ta bar saura.

Sai ga Burulkan tana jan jaki.
Ulun tumaki sha tara, sausayar bara,
wanda ta wanke a wannan marmaron, ta shanya, ta taje,
don ta toshe bangon bukkarta da iska ta cinye.
Ko gaisuwa babu.
Ta ce, "Kada ku cusa. Ku ɗora, ku ba shi lokaci.
Ulu ya san maiƙo tun yana jikin tunkiya,
ruwa ne bai cika so ba."

Muka fara daga baki-baki muna matsowa ciki.
Fari ya yi ja, ya yi baƙi, ya yi nauyi,
mu ɗaga, mu matse cikin ganga, mu sake shimfiɗawa,
sau uku, sau huɗu, har ya daina karɓa.
Wari ya shiga tsakanin haƙora.
Ermek ya je bayan dutse ya amayar da karin kumallonsa,
ya dawo ya ɗauki shebur.
Sabyrbek bai ce uffan ba, matsa kawai yake da tsurar hannu
kamar wanda ya kama laifinsa a wuya.

Da ma'aikata suka iso da fararen tsummokaransu na kamfani,
da safar hannu, da takardar cikewa,
saura taku tara.
Suka kwashe ƙasar har zurfin gwiwa,
suka ɗaure ulun cikin baƙaƙen ledoji, suka ɗora a sikeli.
Babbansu ya rubuta: gurɓataccen kaya, kilo kaza.
Takardar ba ta da layin rubuta tumaki.

Burulkan ta gangara ita kaɗai.
Ta ɗebi ruwa a tafi, ta sansana, ta daɗe,
sannan ta sha.
Baƙin ƙumbarta bai fita ba sai da ƙanƙara ta sauka,
kuma duk tsawon sanyin nan iska ta kwana a bukkarta.

Har yau ciyawa ba ta koma kwanar ba,
tumaki na zuwa su kewaye.
Bana da aka yi sausaya, kowane gida ya ware dami,
muka kai mata da yamma, muna jin kanmu.
Ta buɗe, ta shafa, ta ɗaga wajen haske,
ta ce, "Wa ya wanke muku wannan?
Ku ɗauko, mu je marmaro."