Wankin Kuza

Uwata kuza ta wanke har ta tsufa,
ƙafafu cikin ruwan sanyi tun kafin rana ta leƙo.
Ƙwarya guda, juyi ɗari,
yashi ya tafi, baƙin nan mai nauyi ya kwanta a gindi.
Ni ban gaji ƙwaryar ba,
alli na riƙe shekara talatin da ɗaya.
Sai da fansho ya zaunar da ni a Tudun Wada
na ga ashe hannunta ne a jikin hannuna.

Aya ɗaya nake ɗiba, ba biyu ba.
In kwafe ta da jan biro a saman shafi,
in sa baƙi a ƙasa, in ce ga abin da ake nufi.
Littattafan da Rabaran Dakwak ya ara mini suna nan,
uku, kowanne ya kai bulo,
Turancinsu sai ka yi gyaran murya kafin ka shiga.
Na gode masa.
Ɗaya na danne mini takardu in iska ta taso daga Shere.

Alƙalina Ngo Kachollom ce, mai dankali a Farin Gada.
Ran Talata, in an tashi daga Zumunta,
takan biyo, ta zauna kan benci,
ina karatu, tana ɓarar gyaɗa.
In hannunta ya tsaya, na dace.
In ta ci gaba da ɓara, sai in ja layi in soke.

Shafi uku na cika kan ƙwayar nan 'yar mitsitsiya
da aka auna bangaskiya da ita:
sunanta a Helenanci, tsawon itacenta, ƙasar da take so.
Ta ce, "Malam, ba acca ba ce?"
Na ce ba ita ba ce.
Ta ce, "To ka ce kamar acca, ka sallame mu."
Shafi ukun nan su suka hura gawayi a daren.

Ina jin tsoro, ban ɓoye ba.
Kada in ƙara gishiri a miyar da ba ni na dafa ba.
Kada in tsaya a bakin ƙofa ina nuna haske
alhali bayana ne ya tare shi.

A watan Agusta, ruwa kwana huɗu bai ɗauke ba,
na iso inda Ubangiji ya tsaya a bakin kabarin abokinsa.
Ayar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na rubuta, don ƙauna ne. Na soke.
Na rubuta, don mu san shi ma mutum ne. Na soke.
Sai Dalyop ya faɗo mini, ɗan shekara tara,
da tsohon ramin kuza ya riƙe mana shi kwana biyu,
silifas ɗinsa a jere a bakin ruwa
kamar wanda ya shiga ɗaki zai fito.

Yarinyar da ke buga mini a Taminus ta ɗago kai,
"Baba, nan an manta."
Na ce ba a manta ba, 'yata, bar shi fari.

Da Talata ta zagayo na karanta ayar, na yi shiru.
Ba a fasa gyaɗa ko ɗaya ba
har shayina ya huce.

Gobe akwai dutsen da za a kawar daga bakin kabari.
Jan biron ya kusa ƙarewa,
in ruwa ya tsagaita zan sauka wurin Pwajok in karɓo wani bashi.