Tufkar Kawu Shekarau

Mun bar Maiwurno kafin kiran assalatu,
ni da Kawu Shekarau a bayan lori,
buhun igiya biyu tsakanin ƙafafunmu,
da wani rago da ya yi ta hararata har Singa
kamar na ci masa bashi.

Filin baje koli ya cika ya batse.
Shanun Kenana, fari-fari kamar an wanke su da toka,
tozo a tsaye, leɓen wuya na reto.
Jajayen Butana da aka koro daga gabas.
Tumakin Hamari masu wutsiya har ƙasa,
ana buɗe musu baki ana ƙirga haƙora.
Can maƙeri yana faɗa da lauje,
nan wata tsohuwa na ɗinka faifai ba ta ko duba hannunta,
hayaƙin agashe yana bin kowa
yana tambayar abin da ke aljihu.

Mu a ƙarshen layi aka ajiye mu,
inda ake ɗaure jakuna.

Kawu bai ce uffan ba.
Ya naɗe ƙafar wando, ya tofa yawu a tafi,
ya ɗora kaba a kan ƙwaurinsa ya murza.
Ƙwaurin nan shekara arba'in rabonsa da gashi,
sumul yake, kamar bakin rijiya
inda guga ya saba wucewa.

Kusa da mu wani yaro na sayar da shuɗiyar igiyar roba,
kamu goma a kuɗin kamu uku namu.
Mutane su taɓa ta Kawu, su ce masha Allahu,
su ƙarasa wurin yaron.
Na ƙirga su. Har azahar, goma sha tara.

Bayan la'asar aka fito da bijimin Wad Balla,
wanda tun safe ake cewa shi zai ci.
Lasifika ta yi wata ƙara kamar an taka mage.
Bijimi ya zabura.
Shuɗiyar igiya ta ce tas!

Ya bi ta kan ƙoren Hajja Dudu,
ya kifar da jabana da garwashinta,
alƙalai uku suka haye teburi da rawunansu,
kowa ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Kawu bai yi gudu ba, gwiwa ta daɗe da hana shi.
Ya zaro ɗaya daga buhu, ya yi zarge,
ya jira.
Bai nemi ƙaho ba, ƙaho na masu neman suna ne.
Ƙasa-ƙasa ya jefa, ƙafar baya ta shiga,
ya zagaya gindin bagaruwa sau biyu
ya zauna.

Igiya ta yi kuka. Na ji ta da kunnena,
kowace zare tana kiran 'yar'uwarta.
Bagaruwa ta zubar da 'ya'ya.
Kaba ba ta saki ba.

Da ƙura ta lafa aka rataya wa bijimi kyauta a wuya,
aka yi tafi, aka ɗauki hoto.
Wad Balla ya zo yana share gumi: nawa, ya hajji?
Kawu ya faɗi kuɗin da ya faɗa da safe,
bai ɗora ko sisi ba.
Ɗaya ya saya. Ita ɗin dai.

A hanyar gida Shuɗin Nilu na hannun dama, baƙi wuluk.
Ni da nake gyaran waya a kasuwar Sinnar,
na saba da abin da ke mutuwa cikin wata shida,
na ce, Kawu, yaya ake fara ta?

Bai amsa ba.
Ya miƙo min kaba biyu cikin duhu.

Yau kwana huɗu ke nan.
Ƙwaurina ya kumbura, yana zafi kamar an zuba barkono,
abin da na tufka kuwa
ko ɗan akuya ba zai riƙe ba.
Jiya Kawu ya ɗauka, ya ja, ya warware ta tsaf,
ya ce: ƙara yawu.